Ashiru Ya Je Neman Ƙirji

Duk faɗin Madarumfa babu wanda zai ce maka Ashiru bai iya ƙwallo ba. Ya iya, har da ƙari. Baya yake tsarewa a ekip ɗin garin, wato ƙungiyarsu ta ƙwallo, kuma kafin ɗan gaba ya gama shawarar inda zai bi, Ashiru ya riga shi isa can yana jiransa. Allah ya ba shi ƙafa, ya ba shi ido. Amma fa daga ƙugu zuwa sama, sai dai a yi shiru. Damtse kamar karan dawa, kafaɗa a rataye, in ya tuɓe riga kana iya ganin haƙarƙarinsa tun daga bakin fili.

Wannan rama ba ta taɓa damunsa ba sai da ya gamu da Salisu, ɗan gaban ekip ɗin garin Ɗan Issa, wanda ake kira Kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya. Lodin buhuna yake yi a tasha, kuma sunan ya bi jiki. A wasan da aka yi can garinsu, Kamiyo bai tsaya yankan kowa ba. Kafaɗa kawai ya riƙa ɗora wa Ashiru, shi kuwa yana zubewa kamar an ture buhun ƙaiƙayi. Ashiru ya kai ga ƙwallo, a bangaje shi. Ya tashi, ya sake kaiwa, a sake bangaje shi. Ƴan kallo suka yi ta ihu suna cewa a ɗaure masa dutse a ƙugu kada iska ta kwashe shi. Abin ya yi masa ciwo, ciwon da ba ya faɗuwa ga kowa.

To, ana gab da girbin gero sai Mushe Isma'ila, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke horar da su, ya tara su bayan motsa jiki ya ce in an gama kaka za a yi wasan ramuwa da Ɗan Issa a nan gida. Ya ce ba shi ke nan ba: wani mutum daga wani babban kulob na Maraɗi zai zo kallo, kuma mai tsaron baya yake nema, mutum ɗaya tak. Kowa ya waiwayo ya dubi Ashiru. Shi kuwa bai yi murna ba, don ya san abu biyu. Ya san shekarunsa sun fara ja, in wannan ta wuce shi babu wata da ke tafe. Ya kuma san a gaban mutumin nan Kamiyo zai sake shimfiɗa shi a ƙasa.

Da aka watse ya bi Mushe har bakin motonsa, babur ɗin da yake hawa.

"Mushe, mi zan yi in samu jiki?"

"Abin da na sha hwaɗa maka," in ji Mushe Isma'ila. "Kihe ciki ƙasa ka riƙa ɗagowa da hannu, sahe da marece. Cika gwangwani biyu da siminti ka sa musu ƙarhe ka riƙa ɗagawa. Ka ci wake, ka yi barci. Sannu-sannu dai, Ashiru. Sauri ya haihi nawa."

Ashiru ya yi. Wallahi ya yi. Ya zuba siminti a gwangwanayen tumatir, ya kifa ciki a tsakar gida har ƴan ƙannensa suna leƙowa suna dariya. Amma sannu-sannu ba ta cikin jininsa a lokacin nan. Ya ɗaga gwangwani, ya ajiye, ya lanƙwasa hannu ya duba. Ya je gona yankan gero, ya tsaya tsakiyar kunya ya latsa damtse. In ya ga moto a ajiye a kasuwa sai ya karkata madubin ya leƙa kafaɗarsa. Babu abin da ya ƙaru sai ciwon gaɓɓai. Zama ya gagare shi, tsayuwa ta gagare shi, ya shiga ya fita kamar kaza mai neman wurin ƙwai, har innarsa Hasiya ta ce ko dai ya zauna ko ya fita mata daga gida, yana sa ta jiri.

Ita ce ma, ba da nufin komai ba, ta ce: "Kai da ke da kawu irin Ɗan Baba, kana nan kana wahala da gwangwani."

Ɗan Baba yayanta ne. A zamaninsa ɗan kokowa ne da aka san da shi daga Safo har ƙetaren iyaka, irin waɗanda in an kaɗa takensu mata ke barin daka su fito. Yanzu furfura ta ci kansa, yana da garka a bakin tabki da ɗan jirginsa na su. Ƴaƴansa maza duk kasuwa ta janye su, babu wanda ya taɓa ɗaura laya ya shiga fage, kuma wannan abu yana cinsa ko da ba ya faɗa. Ƙwallo kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Cewa yake ƙatti sun rasa aikin yi sun taru suna bin fata.

Ashiru ya same shi yana ban ruwan albasa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi, bai ɓoye ko faɗuwa ɗaya ba. Ɗan Baba ya ajiye bido, jarkar da yake ɗiban ruwa da ita, ya zagaya shi yana kallo yadda ake duba rago a kasuwa. Ya kama damtsensa da yatsu biyu ya girgiza.

"La'ilaha! Wanga shi ne ɗan ƙanwata? Hasiya ba ta ba ka tuwo ne?"

"Tana ba ni, Kawu."

"To ina yake zuwa?" Ya yi tsaki. "Taho gobe da sahe. Amma ka sani, ni ban iya wasa ba."

Bai iya ba kuwa. Tun da sanyin safiya Ashiru zai karɓi gora ya tura jirgi, da Ɗan Baba zaune a ciki ya miƙe ƙafa, daga wannan gaɓa zuwa waccan, su dawo. Daga nan jan taru, da ruwa da laka da kome. Daga nan bido biyu cike, ɗaya a kowane hannu, daga bakin ruwa zuwa ƙarshen garka, kuma an hana shi ajiyewa a hanya. Kwanakin farko ko loma ba ya iya kaiwa baki sai ya sunkuyar da kai ya tarye ta. Amma ya ji daɗin azabar nan, don ta fi kama da abin da zuciyarsa ke so. Gwangwanin Mushe ya koma abin danne murfin randa.

Da jiki ya fara sabawa sai Ɗan Baba ya ja shi kan rairayin bakin tabki ya ce saura babban aikin. Ya tuɓe riga, ya sunkuya, ya haɗa ƙirjinsa da na Ashiru, ya ɗora masa hannu a wuya.

"Ture ni."

Ashiru ya tura. Da katangar masallaci ya tura da ya fi samun sa'a.

"Ba haka ba! In namiji ya aza maka ƙirji, ya kai hannu wuyanka, kai ba ka tsayawa tunani. Hannun dama ƙugu, na hagu bayan gwiwa, ka shige ƙarƙashinai ka tashi da shi. Yi!"

Ashiru ya ja da baya. "Kawu, a balo ba a kama mutum. In ka kama, laihi ne."

"Kai ka san wannan. Ni ƙirji ka zo nema wurina, kuma ni hanya guda na sani da ake samun shi. Kana tsammani da bido na yi nawa? Da ɗaukar maza na yi shi. In kana so, bisimilla. In ba ka so, ga hanya."

Ashiru ya tsaya yana wasi-wasi. Sai Kamiyo ya faɗo masa a rai, da ihun ƴan Ɗan Issa. Ya ce a ransa ai ba wani abu ba ne, ƙarfin zai ɗauka ya bar kamun a nan bakin ruwa. Ka ji fa! Sai ka ce hannu takalmi ne da ake cirewa a ƙofa.

Haka suka riƙa yi kullum. Ɗan Baba ya aza ƙirji, ya kai hannu wuya. In Ashiru ya yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, sai ya ji tafi a ƙeya. Ƙugu, bayan gwiwa, tashi. Ƙugu, bayan gwiwa, tashi. Da tsohon ya gaji sai ya kira samarin masunta su karɓe shi. Akwai kuma Audu, makaɗin Ɗan Baba tun na ƙuruciya, wanda yanzu ba ya da aikin da ya wuce zama gindin itacen bedi yana gyaran koma. Da ya ga an koma fage, ai sai tsohon ciwo ya motsa. Ya jawo bido maras ruwa ya kifa, kuma duk sa'ad da aka haɗa ƙirji sai ya saki taken Ɗan Baba. Da farko abin dariya ya ba Ashiru. Daga baya in ya ji kiɗan sai tsigar jikinsa ta tashi, ya ga mutum a sama kafin ya san ya ɗaga shi.

Jiki kuwa ya amsa. Wuya ya cika, kafaɗa ta buɗe, damtse ya murɗe. Hasiya ta ce ta yi da-na-sanin maganarta, don yanzu tuwon mutum uku yake tashi da shi, ya kuma tambaya ko akwai ƙanzo. A unguwa aka fara ce masa "a'a, Ashiru, kai ne?" Da ka ce yanzu hankalinsa zai kwanta. Ina! Sabon abu ne ya taso masa.

Ran nan suna motsa jiki a fili, Faruk, ɗan gabansu, ya jingino da shi suna neman ƙwallon sama. Ashiru bai san lokacin da hannunsa ya damƙi ƙugun Faruk ba. Ya saki da sauri, amma Mushe Isma'ila ya gani.

"Ashiru! Mi ke nan?"

"Kuskure ne, Mushe."

"Na ga jikinka ya taso, na yi murna. Amma kahwaɗa ake sawa, hannu a jikinka. Ina kake zuwa da sahe?"

"Garkar kawuna. Ban ruwa nake taya shi."

Ba ƙarya ya yi ba, amma bai faɗi gaskiya ba. Daga ranar tsoro ya shige shi, tsoron hannunsa na kansa. A fili sai ya riƙa damƙe gefen wandonsa in mutum ya matso. A hanya yana tafe yana yi wa hannuwansa faɗa kamar masu ji. Yau ya ce ya bar zuwa tabki, gobe ya ce in ya bari jikin zai zube kafin ranar. Ya kama hanyar fili ya juya ta tabki, ya kama ta tabki ya tsaya a mararraba yana cizon leɓe. A ƙarshe dai kullum tabki ke cin nasara, don Kamiyo ya fi Mushe tsawo a cikin kansa.

Ana jibi wasa Ɗan Baba ya ce masa zai zo kallo. Mutumin da bai taɓa taka filin ƙwallo ba! Ashiru ya so ya ce ya yi zamansa, amma ina bakin da zai faɗa wa kawunsa haka, bayan duk wahalar da ya sha a kansa? Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika ya batse. Ƴan Ɗan Issa sun zo mota-mota, mutanen Safo a kan amalanken jaki, yara a kan katanga da rassan itace. An ajiye wa baƙon Maraɗi kujera a inuwa kusa da tsakiyar fili, wani siriri mai tabarau, ba ya magana da kowa. Can bayan ragar Madarumfa kuwa ga Ɗan Baba da babbar riga, da tsofaffin abokan kokowarsa, da Audu. Yau ba bido ya riƙo ba, gangar gaske ya rataya.

Aka busa. Ba a jima ba aka jefo wa Kamiyo ƙwallo, ya taho da kafaɗarsa yadda ya saba, ko kallon Ashiru bai yi ba. Suka haɗu, ji kake ƙum! Kamiyo ya yi taga-taga, Ashiru na tsaye, ƙwallo a ƙafarsa. Fili ya ɗauki ihu. Kamiyo ya waiwayo yana duba ko wani aka canza. Ya sake gwadawa, ya sake jin katanga. Duk kashin farko Ashiru bai bar shi ya juya ba, a ƙasa ya riga shi, a sama ya riga shi, hannuwansa kuwa a manne da jiki kamar an ɗaure. Da aka tafi hutu Madarumfa na gaba da ci ɗaya, kuma Ashiru ya saci kallon baƙon ya ga shi ma shi yake kallo. Daɗi ya kama shi.

Aka dawo, aka yi ta gwabzawa, rana ta yi sanyi. Saura kaɗan a tashi ƴan Ɗan Issa suka sami bugun kusurwa. Kowa ya cunkusu a gaban raga. Kamiyo, da takaici ya gama cika shi, ya bar neman ƙwallo ya juyo gaba da gaba, ya ɗora wa Ashiru ƙirji, ya maƙalo wuyansa da hannu don ya danne shi kada ya yi tsalle.

Ɗan Baba na bayan raga, taku kaɗan tsakaninsu. Shi bai san kusurwa ba, bai san doka ba. Abin da ya gani shi ne an aza wa ɗan ƙanwarsa ƙirji an kai hannu wuya a gaban jama'a. Ya daka wa Audu tsawa, Audu ya saki take.

Wayyo! Ashiru bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Dama ta tafi ƙugu, hagu ta tafi bayan gwiwa, ya shige ƙarƙashin Kamiyo ya tashi da shi. Ƙaton nan da ke lodin buhuna sai ga ƙafafunsa a sama suna harbin iska. Ya juya shi ya nana bayansa da ƙasa, tim! Kaye ne mai tsabta, irin wanda tsofaffi ke cewa an daina yi.

Rabin fili ya manta da abin da ya zo kallo. Guɗa ta tashi, maza suka yi ta jifa da huluna, wani tsoho ya faɗo cikin fili yana kirari. Ashiru yana tsaye a kan Kamiyo, hannuwansa a buɗe, yana kallonsu kamar na wani. Sai ya ji usur. Alƙalin wasa ya nuna bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya zaro jan kati ya ɗaga masa. Mushe Isma'ila ya ɗora hannu biyu a ka ya juya baya. Aka buga, ta shiga, aka tashi kunnen doki. Ashiru bai gani ba, yana zaune a bakin fili ya cusa kai tsakanin gwiwoyi.

Inuwa ta tsaya a kansa. Ya ɗago, baƙon Maraɗi ne, makullin mota a hannu.

"Kai ne Ashiru? Dominka na zo," in ji shi. "Ina wurin ranar da kuka yi wasa a Ɗan Issa. Na ga yadda aka yi ta kada ka, na kuma ga kowane karo kai ke riga kowa isa ga balo. Tun ran nan na yanke shawara, yau tabbatarwa kawai na zo yi."

Ashiru ya buɗe baki zai yi magana, baƙon ya ci gaba.

"Da yau ma ya ture ka ka hwaɗi, da na tahi da kai. Jiki ba wuya gare mu ba, muna da masu gina shi. Amma hannun da ke kama mutum ba da sanin mai shi ba, wannan ban san yadda ake cire shi ba, kuma ba ni iya sa shi gaban ragata. Allah ya ba da sa'a."

Ya juya ya yafuto mai tsaron bayan Ɗan Issa, wani yaro da Ashiru ya fi shi ƙwallo nesa ba kusa ba, suka nufi mota tare.

Ashiru bai gama haɗiye wannan ba sai ga ganga ta nufo shi. Ɗan Baba ne a gaba, babbar riga a saɓe, tsofaffin ƴan kokowa a baya da tarin jama'a. Kafin ya ce wani abu sun sungume shi, tsohon ya sa kai tsakanin cinyoyinsa ya miƙe da shi a wuya, yadda ake yi wa wanda ya yi kaye a fage.

"Ku gan shi!" Ɗan Baba ke ihu, muryarsa na rawa. "Ɗan ƙanwata ne! Ni na koya mishi! Wa ya ce gidanmu ya mutu? Audu, kaɗa!"

Daga can sama Ashiru yana ganin kome. Yana ganin motar baƙon tana ja da baya, da yaron Ɗan Issa zaune a gaba yana ɗaga wa abokansa hannu. Baƙin ciki ya tokare masa ƙirji, ƙirjin nan da ya sha wuya ya samu. Ya sunkuya zai ce Kawu sauke ni, ka kashe ni. Sai ya ga fuskar tsohon sharkaf da hawaye, yana dariya da dukan bakinsa kamar yaro ranar salla. Tunda yake bai taɓa ganin kawunsa cikin farin ciki irin wannan ba.

Ya haɗiye maganar. Ya dafa furfurar da hannu biyu don kada ya faɗo, aka yi ta zagaya fili da shi ana kiɗa, shi kuwa wuyansa a juye yana bin motar da ido har ta hau hanyar Maraɗi.